Kan Sarki Mai Ɗinki

Zuwa ga jikata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyarki. Na san za ki ce ke nas ce, ba likita ba. Ni dai duk wanda ya iya soka wa mutum allura likita ne, kuma ba na son gardama.

Ni ne wan kakanki, wanda ake ce wa Mai Jaka. Rabona da ke tun kina rarrafe, ranar da kika tsinka mini carbi muka wuni muna tsinta. Lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da take gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba, da ido da ya fara yi mini rowa. Kunne kuwa, abin da na ga dama nake ji.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Ban taɓa zama a aji ba. A bayan ambulan na koyi baƙi, lokacin da nake dakon jakunkunan wasiƙu daga gidan waya zuwa tasha. Shi ya sa har yau adireshi na fi iya rubutawa. In kin ga layi ya gangara, ki bi shi a hankali, zai dawo. Kawunki Direba ya ce in daina wahalar da kaina, ya kira mini ke a waya. Na ce a'a. Maganar waya iska ce. In an kashe, me mutum zai sa a akwati?

To ga abin da ke tafe da ni. Rufin gidan nan ya gaji, ni ma an ce na gaji. Direba ya ce ƙarshen watan gobe zai kwashe ni zuwa gidansa. Na je na ga ɗakin. Gado ɗaya, taga ɗaya, in ka yi miƙa sai ka gaisa da bango biyu. Surukata mutuniyar kirki ce, har labule ta rataya mini. Amma ta rantse akwatina na ƙarfe ba zai tsallaka ƙofarta ba, wai gidan kyankyasai ne. Alhali kyankyaso ɗaya ta taɓa gani, shi ma baƙo ne, wucewa yake yi.

Abin da ke cikin akwatin nan kan sarki ne, tun ina saurayi nake tarawa. Ba irin na kowa ba ne, bayaninsu kuma dogo ne, ba zan ɓata tawada ba sai na ji amsarki. Na duba zuriyar nan kaf. 'Ya'yana da na ɗaga murfin sai kowa ya tuna an aike shi. Jikokina na nan kuwa kansu na cikin waya, ko gobara aka yi sai sun ɗauki hotonta tukuna. Ke kaɗai kika taɓa aiko mini da kati ta gidan waya, da kika gama makaranta. Yana nan na ajiye.

Za ki riƙe mini akwatin? In kin ce a'a ba zan yi fushi ba, zan dai daina gaishe ki.

Kakanki,
Mai Jaka


Zuwa ga Kaka Mai Jaka,

Ina gaishe ka da kyau, tsoho mai ran ƙarfe. Ina gwiwa? Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ka kuma daina tsugunno a gaban akwati. Likitarka ce ta faɗa, tunda ka ba ni muƙamin.

Ranar da wasiƙarka ta zo, sai da ɗakin nas-nas ya tsaya cak. Masinja ya shigo yana kiran sunana, ya ɗaga ambulan sama kamar ya tsinci abin tarihi. Abokan aikina suka ce saurayi ne. Na ce ƙwarai kuwa, kuma ya girmi asibitin nan. Wata ta ce in riƙe shi gam, irinsu masu rubuta wasiƙa sun ƙare.

Rubutunka na bi shi kamar yadda ka ce. Sau biyu ya faɗa gefen takarda, amma ya dawo da ransa.

Batun carbi, Baba ya ba ni labari, ya ce ba tsinkawa na yi ba, zaren ne dama ya ruɓe. Ka ga ina da shaida.

Maganar akwati kuma, na karɓa hannu bibbiyu. Ɗakina a gidajen ma'aikata yake, ni da wata ungozoma muke zaune. Ƙarƙashin gadona babu komai sai bokiti da takalman da ba na sawa. Sai dai ka sani ban san komai game da kan sarki ba, in ban da lasa da mannawa. Ka fara aiko mini da kaɗan in gani, kada akwati guda ya faɗo mini a ka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ban taɓa ganin kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Hotonsa ɗaya da ke gidanmu ruwa ya cinye fuskar, sai hula. In akwai wani abu nasa a wurinka, ko ƙanƙane ne, ina so in gani.

Ka gaishe mini da Kawu Direba da Anti. Kyankyason ma in ya dawo ka gaishe shi.

Jikarka,
Likita


Likita,

Gaisuwa a taƙaice, don matar tagar gidan waya tana jira ta ɗaure ƙunshin nan, kuma ba ta da haƙuri. Ga ɗanɗano na tsamo miki daga saman akwati. Akwai na kakanki Auta a ciki, za ki gane shi, ba ya kama da kowanne. Hannuna ya gaji da ɗaure-ɗaure. Cikakken bayani yana biye, gobe zan zauna in rubuta.

Zaren carbin nan sabo ne. Babanki bai san komai ba, lokacin yana waje yana cin rake.

Mai Jaka


Zuwa ga jikata Likita,

Bayan gaisuwa. Na gasa gwiwar, ta ce a gode miki, amma ba ta canza hali ba. Ina fata ƙunshi ya iso. To buɗe kunnenki.

Kan sarki iri biyu ne. Akwai na gidan waya, wanda ake manna wa wasiƙa. Akwai na haraji, wanda ake manna wa rasit ko takardar haya ko ta ciniki, a sa hannu a kansa. Kowanne da aikinsa, kamar cokali da allura. Amma ɗan Adam in ya matsu, da allura ma sai ya sha miya. Wani ya manna na haraji a wasiƙa. Wani ya manna na gidan waya a rasit. Wani ya wanke tsohon hatimi da sabulu ya sake aikawa. Masu tara kan sarki na gaske masu kyau suke nema. Ni wanda ya yi ɓatan kai nake nema. Ban taɓa taɓa wasiƙar mutum kafin ta isa hannunsa ba. Sai ya karanta, in tsaya a ƙofa in roƙi ambulan. Har aka san ni, masu kanti in za su ƙone tsofaffin takardu sai su aika a kira ni.

Saboda haka ga doka ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe: kada ki raba kan sarki da takardarsa. Shi kaɗai ba komai ba ne, irinsa dubu ne. Inda ya zauna shi ne labarin. Kada ruwa ya zo kusa, kada almakashi ya zo kusa.

Duba rasit ɗin nan mai ruwan ƙasa, na cinikin keken ɗinki. Mai kantin ya nemi na haraji ya rasa, mai saye kuma yana tsaye motarsa za ta tashi. Sai ya manna na gidan waya mai hoton tsuntsu, ya sa hannu a kai har ya tsone wa tsuntsun ido.

Sai ambulan biyu masu rabi-rabin kan sarki. Wasu tagwaye ne magina, suna aiki a wuri ɗaya. Suka sayi kan sarki ɗaya suka raba da reza, kowa ya manna rabinsa. Wa suka rubuta wa? Uwarsu. Uwa ɗaya, gida ɗaya, rana ɗaya. Da sun haɗa takardun a ambulan guda ai shi ke nan, amma a lokacin ba sa ga maciji da juna. Tsohuwar da kanta ta ba ni, tana dariya tana share hawaye.

Na kakanki kuwa shi ne mafarin akwatin. Auta ya tafi koyon ɗinki nesa da gida, yana yaro, aljihu ba ko sisi. Ya so ya rubuto mini. Sai ya ɓamɓaro kan sarkin haraji daga rasit ɗin hayar ɗakinsa. Ya lasa, ya ƙi kamawa, don gam ɗinsa ya riga ya mutu. Ɗan tela me zai yi? Ya ɗauko allura da baƙin zare ya ɗinke shi a kusurwar ambulan, zagaye guda, ya ƙulle ta ciki. A kafaɗata jakar ta shigo gidan waya ban sani ba. Mai rarraba wasiƙu ya ɗaga wasiƙar sama ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah!" Shugabanmu ya juya ta gaba da baya ya ce, "Doka ta ce a ci tara. Amma wanda ya yi ɗinkin nan ya riga ya biya da guminsa." Ya miƙo mini. Abin da ke ciki ba wata magana ba ce, wai in aika masa da takalminsa da ya manta. Takardar ma ta ɓace tuni. Ambulan ɗin ne Auta. In na shafa zaren nan sai in ji kamar yanzu ya fita.

Ki karanta wannan sau biyu kafin ki taɓa komai.

Kakanki,
Mai Jaka

Na manta. Duba kusurwar ambulan ɗin nan da ke hannunki. Na haraji na manna, wani tsoho da ya rage mini ba a taɓa amfani da shi ba. So nake in gani ko yaran gidan waya na yanzu suna da ido. A akwatin bakin titi zan jefa, don matar taga ta san halina. Zai wuce, ba na shakka. Kin ga kin samu na farko da aka yi musamman domin ki.


Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya shirin tashi? Ni lafiya lau, sai aiki da ya yi mana yawa, yara duk gari tari suke yi.

Ƙunshi ya iso tuni. Na yi ta jiran bayanin da ka ce yana biye, shiru kamar an shuka dusa. Kullum sai na tare masinja, har ya fara canza hanya in ya hango ni. Na ce a raina tsohona aiki ya sha masa kai, bari in rage masa wani.

Albishirinka! Mai ba da magani na asibitinmu ashe ya tara kan sarki yana ɗan makaranta. Da ya ga ƙunshin ya ce, "Allah sarki, tsohon bai samu lokacin cire su ba ne." Shi ya koya mini yadda ake yi. Ka yanke kusurwar da almakashi, ka jefa a ruwan ɗumi, ka jira kaɗan, sai ka ga kan sarki ya taso shi kaɗai kamar ganye. Ka shanya a tawul, ka danne da littafi mai nauyi. Ranar hutuna na zauna na yi, ungozoma tana taya ni shanya. Duk sun fito tas, ko ɗaya bai yage ba. Na sayi albam mai bango shuɗi na jera su launi-launi, ja da ja, kore da kore. Ga hoto nan na sa a wanko maka, tunda ba ka kallon waya.

Har wani na samu da ya rabu biyu, rabi a wannan ambulan rabi a wancan. Na haɗa shi ta baya, ya koma ɗaya kamar ba a taɓa yanka shi ba. Akwai wani tsuntsu kuma da wani mugu ya yi wa zane a ido, na goga na goga bai fita ba.

Tsofaffin takardun na tara su a leda. In ba ka bukata sai in zubar, ungozoma ta ce suna sa ta atishawa.

Na kakana kuwa, wannan sai mun yi magana. Na yi wani abu da ban sani ba ko za ka yi mini faɗa.

Yanzu ka yarda akwati ya samu uwa? Faɗi gaskiya, ko kai ba ka taɓa jera su haka ba.

Jikarka mai ƙoƙari,
Likita


Likita,

Bayan gaisuwa, wadda dole ce.

Na ga hoto. Na sa tabarau na duba, na cire na goge na sake dubawa, na fita rana na duba. Surukata ta leƙo ta ce, "Kai, Baba, ka ga yadda suka yi kyau!" Ban ci abincin rana ba.

Kin shiga unguwa kin fito da mutane daga gidajensu, kin yi musu wanka, kin jera su a layi kamar 'yan makaranta. Yanzu wa ya san gidan wa? Kan sarkin da aka cire daga takardarsa haƙori ne a tafin hannu. Fari ne tas, amma ba ya tauna komai.

Na zauna na cika takarda gaba da baya ina yi miki bayani, har yatsuna suka ƙage. Na ce kada ruwa, na ce kada almakashi. Ke kuma kika haɗa su biyun, kika ƙara da mai magani. Kin ce bayani bai zo ba. Na yi dakon wasiƙa tun babanki bai san hanyar makaranta ba, wasiƙa ba ta ɓata. Cewa za ki yi rubutuna ya gundure ki.

Mai maganin nan ki ce masa ya tsaya a kan ƙwayoyinsa.

Na yi magana da mai kantin ƙusa na bakin layinmu. Ranar tashi zai zo da baro ya kwashe abin da ke cikin akwatin, ya riƙa naɗe wa mutane kaya. Gara su ƙare a haka, kowa da kan sarkinsa a jikinsa, da a yi musu wanka. Akwatin kuma surukata ta zuba gawayi.

Abin da kika yi wa na Auta kada ki gaya mini. Na ga masu ruwan ƙasa irin launin nasa a layin ƙasa na hoton, ban tsaya na tantance ba, kuma ba zan tsaya ba. Ni na ɗauke shi da hannuna na sa a ƙunshi, ba wanda ya tilasta ni.

Ki ci gaba da gasa gwiwoyin mutane, a nan kika ƙware.

Mai Jaka


Zuwa ga Kaka Mai Jaka, sarkin rigima,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Ina fata ka koma cin abincin rana, don ba a shan maganin gwiwa da yunwa.

Da na karanta wasiƙarka na kira Kawu Direba. Ina jin muryarka kana cewa a gaya mini ba ka nan. Sai na roƙe shi ya zauna a kan akwatin nan, kada ya tashi sai wannan ta iso. In mai baro ya zo, ya haɗa da Kawu ya ɗauka.

Yanzu saurara. Kwana biyu bayan faɗanka, masinja ya kawo mini 'yar takarda, wai ana nemana a gidan waya. Na je na bi layi da kayan aiki a jikina. Mutumin taga ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani ambulan da ya sha hatimi da jan biro har ba a ganin sunana sosai. Ya ce, "Wa ya aiko miki da wannan?" Na ce kakana ne. Ya juya ya ce, "Ku zo, ga jikar mutumin!" Kaka, har mai shara sai da ya zo. Ashe ambulan ɗinka tebur-tebur ya yi ta yawo, daga wannan ofis zuwa wancan, an rasa wanda ya san dokar da za a yi masa, sai da aka nemo wani dattijo da ya kusa barin aiki. Na biya tara. Mutumin taga ya ce, "Ki gaya wa Baba muna gaishe shi, kuma muna da ido."

A tsaye na karanta, a jikin tagar. Da na zo kan "kada ruwa, kada almakashi" sai da na nemi benci. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na kai ƙarshe inda ka ce "zai wuce, ba na shakka", sai dariya ta ƙwace mini, har wata mata ta matsa gefe.

Na yi ɓarna, na yarda, ka yafe mini. Da na jira. Amma laifi tudu ne, Kaka. Wasiƙar da ta fi kowacce muhimmanci, ita ka zaɓa ka yi wa gidan waya jarrabawa da ita!

Ban zubar da takardun ba. Na farke albam ɗin. Na zauna da kowane kan sarki ina neman gidansa, ina gwada guntun hatimin da ke jikinsa da wanda ya rage a takarda. Ban manna ko ɗaya ba, don na gane wannan zai zama ƙarya. Kowanne na sa shi a 'yar ledar magani tare da takardarsa, na rubuta a jiki: "Likita ce ta raba su, da rashin sani." Tsuntsu ya koma wurin keken ɗinkinsa. Tagwaye ne ban san yadda zan yi da su ba, tunda na riga na haɗa su.

Saura na kakana. Ka ce kada in faɗa, amma ni ma jininka ce, ba na jin magana. Ranar wankan nan shi na bari ƙarshe. Na ga zare ne, ruwa ba zai yi ba, sai na ɗauko ɗan almakashin da muke cire ɗinki da shi. Na cire ɗinki a goshin yara da ƙafar manya ba adadi, ban taɓa ja da baya ba. Na leƙa cikin ambulan ina neman ƙullin, na gan shi, ɗan mitsitsi, an ja shi da kyau an datse. Sai na ji ba zan iya ba. Na mayar da almakashin aljihu. Abin da na ji tsoron za ka yi faɗa a kai ke nan, cewa na bar aiki ban gama ba. Yana nan yadda ka aiko shi, ko zare ɗaya bai motsa ba.

Kafin ka yage wannan ambulan, shafa kusurwarsa. Na gidan waya ne na gaske, na saya da kuɗina, ban ce a gwada idon kowa ba. Amma ban lasa ba. Mutumin taga da kansa ya buga hatimi, ya ce wannan zuriya sai addu'a.

In har yanzu mai ƙusa ka zaɓa, to. Ni dai na fitar da bokiti da takalma daga ƙarƙashin gado.

Jikarka,
Likita


Zuwa ga jikata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin ta farko. Lafiyata ƙalau. Ina rubuto miki daga sabon ɗaki, gwiwata ɗaya tana taɓa bango.

Da farko, ni ban yi laifi ba. Gwaji na yi, kuma gwaji ya yi kyau, tunda ga shi an gano suna da ido. Jinkirin nasu ne. A zamaninmu da rana ɗaya za a ci ki tara a sallame ki. Ki gaishe mini da dattijon nan da ya san doka, da mutumin taga. Mai magani kuma ki ce masa na sassauta, amma ban sauka ba.

Kin ɗaure mini ɗa a kan akwati. Mutum da girmansa da tumbinsa, a kai yake cin abinci, a kai yake sauraron rediyo, in zai fita sai ya ɗora matarsa. Na ce ya tashi, ya ce, "Baba, umarnin asibiti ne." Ranar tashi mai ƙusa ya zo da baronsa tun da safe. Ya tsaya, Direba yana zaune, ni ina tsaye. Wasiƙarki ba ta zo ba, kuma ni ba na magana biyu. Surukata ce ta fito ta ce masa kujerun da suka karye ma kyauta ne. Ya cika baro da su ya tafi yana godiya, ya ce zai dawo wa takardun. Akwatin a bayan motar Direba ya kwana biyu, an rufe shi da tamfol kamar mara lafiya.

Sannan mai rabon wasiƙa ya biyo mu da taki. Ban sa tabarau ba, yatsana ne ya fara karantawa. Na zauna a bakin gado na daɗe. Surukata ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce ƙura ce ta labulenta.

Ɗinkinki ba laifi. Ya ɗan karkace a kusurwar ƙasa ta hagu. Na Auta ma a nan ya karkace, je ki duba.

Tagwaye ki bar su yadda kika haɗa su. Uwarsu ta yi ta fama ta sasanta su har ta koma ga Allah ba ta samu ba, ke kin yi da ruwan ɗumi. Rubutun da kika yi a ledoji ma kada ki cire. Akwatin nan dama na masu kuskure ne, kin shiga da ƙafar dama.

Direba zai yi lodi zuwa wajenku mako mai zuwa, akwati yana gaba kusa da shi, na ce kada a sa shi a baya da buhuna. Makullin yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi a tsumma. Murfin sai kin ɗan daka masa gwiwa yake buɗewa. Ambulan ɗina mai jan biro ki sa shi a sama, kusa da na Auta. Sauran labaransu zan riƙa rubuto miki ɗaya bayan ɗaya, da kan sarkin da ya dace, tunda kin zama mai tsoro. Mai ƙusa kuma na aika masa da tsofaffin jaridun Direba.

Naki mai ɗinki ba zai biyo akwati ba, nawa ne. Jiya surukata ta same ni ina ɗaga katifa ina neman inda zan sa shi. Ta fita. Can sai ga ta da gwangwanin biskit, ta wanke ta goge. Ta miƙo mini ta ce, "Baba, wannan ɗayan ne kawai dai ko?"

Na ce ɗaya ne.

Gwangwanin yana da zurfi, Likita. Ki ci gaba da rubutowa.

Kakanki,
Mai Jaka